Adireshin da Ba Ya Sauyawa: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya a Kulungugu

 

Shugaban ƙungiya da mataimakansa, Sarkin Zango da Liman, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, wakilan rassanmu da suka taso daga Bawku da Yendi da Salaga, direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako, muna yi wa kowa barka da zuwa. Yadda Allah Ya nuna mana wannan shekara lafiya, Ya nuna mana ta baɗi cikin rufin asiri.

Ma'aji ya gama karanta lissafin kuɗi, kuma kun ji ya ambaci wani sabon abu da kwamiti ke son sakawa cikin kasafin bana, wato kuɗin adireshin intanet na dindindin. Tun da safe wasu iyayenmu suke tambaya: wane irin adireshi ne kuma, bayan kowa ya san inda ofis yake? Tambaya ce mai kyau, domin kuɗin da za a kashe daga karo-karonku zai fito. Shugaba ya umarce mu, mu 'yan ofis, mu yi bayani da Hausar da kowa zai gane kafin a ɗaga hannu.

Abubuwa biyu ne suka kawo wannan magana. Na farko sito. Kun san buhunan albasa da wake da gyaɗa da suke kwana a siton ƙungiya kafin takarda ta fito lori ya tashi. Mai kaya yana Yendi ko Salaga, dukiyarsa tana nan bakin boda. Ko wanda yake Bawku ma, a 'yan shekarun nan da ake yawan sa dokar hana fita da dare, ba ya iya tasowa ya leƙa in ya ji wani labari. Shi ya sa aka sayi kyamarori aka kafa. Na biyu littafin ƙungiya. Sunayen mambobi da karo-karo da adashi da bashin da ke kan kowa suna cikin kwamfutar ofis, rassa kuma suna son su riƙa dubawa da kansu, maimakon kullum a yi ta aiko hoton takarda ta WhatsApp.

Dukkan biyun a wuri ɗaya suka cije. In mutum yana cikin ofis, wayarsa tana kan rautarmu, yana ganin kyamara tar. Da ya hau mota ya kama hanyar Bawku sai hoto ya ɗauke. Wanda ya kafa kyamarorin ya ce sai an samo abin da ake kira adireshin IP na dindindin. Sim ɗin da ke cikin rautar ofis kuwa irin na kowa ne, wanda ake sa wa kuɗi a sayi data, in ta ƙare a sake saye.

To, mene ne adireshin IP? Kada a haɗa shi da lambar GhanaPost GPS da aka fito da ita a 2017, wadda ake mannawa a jikin gida. Waccan ta fili ce, tana nuna inda gini yake. Wannan kuwa lamba ce da ake ba na'ura a lokacin da ta hau intanet, don saƙo ya san inda zai sauka. Tsohon tsarin da har yau aka fi amfani da shi, mai suna IPv4, lambobin da ke cikinsa ba su wuce kusan biliyan 4.3 ba. Da aka tsara shi babu wanda ya zaci kowane yaron mota zai riƙe waya mai intanet. A watan Fabrairu na 2011 babbar hukumar da ke rabon lambobin ta duniya ta raba na ƙarshen da ke hannunta ga hukumomin yankuna. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai ofis a tsibirin Morishus, ita ma da mudu take aunawa. Abin da ya yi ƙaranci kuwa, ku fatake kun fi kowa sanin yadda farashinsa yake zama.

Kamfanonin waya sai suka yi dabara, kuma dabarar kakanninmu sun san irinta. A zamanin fataucin goro, in ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato ya iso Salaga, baƙo ba ya da gida a garin. Wajen maigida yake sauka. Maigida ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa. Duk cinikin da baƙo ya ƙulla a kasuwa, in za a kawo amsa, ƙofar maigida za a zo, shi kuma ya san baƙon da ya aika, sai ya miƙa masa. Amma a ce wani ya zo ƙofar haka kawai, babu wanda ya aike shi, bai san ɗakin da zai nufa ba, baƙi kuma cike da gida: daga zaure zai juya.

Haka layukanmu na data suke. Kamfani yana tara mutane masu yawa a bayan lamba ɗaya ta waje, kowa ya ba shi ƙaramar lamba ta cikin gida. Masu aikin suna kiran wannan tsari CGNAT. In kai ne ka fita neman abu, ka buɗe Facebook, ka aika kuɗi, ka duba saƙo, amsa za ta dawo maka, domin kamfani ya rubuta cewa kai ka aika. In kuma daga waje ake neman shigowa wajenka, kamar Alhaji a Yendi yana neman kyamarar sito, babu hanya, a zaure ake tsayar da shi.

Saboda haka matsalar tamu kashi biyu ce, kuma ya kamata kowa ya riƙe wannan don kada a ruɗe shi a kasuwa. Ta farko, lambar tana sauyawa: wuta ta ɗauke, rauta ta mutu ta tashi, sai a ba ta wata. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, lambar ta haɗaka ce, ba a iya isa gare ta daga waje ko da ba ta sauya ba. Wanda ya warware maka ta farko ya bar ta biyu bai yi maka komai ba.

Duk mai rauta a shagonsa zai iya gwadawa da kansa. A jikin rautar, galibi ta ƙasa, akwai takarda mai lambar shiga shafinta, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Ka shiga ka duba lambar da kamfani ya ba ta. Sannan ka tambayi Google mene ne adireshin IP ɗinka. In lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, kana cikin gidan haɗaka. In lambar rautar ta fara da 10, ko ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ba sai ka ƙara bincike ba, waɗannan lambobin cikin gida ne. Mun gwada da tamu ta ofis, haka muka tarar.

Yanzu ga abubuwan da ba sa aiki, tunda an riga an fara tallarsu ga mambobi. Akwai masu karɓar kuɗi su shiga saitin waya ko kwamfuta su rubuta lamba da hannu, su ce sun sa maka ta dindindin. Wannan lamba iyakarta cikin ɗakinka, kamar mutum ya rubuta suna a ƙofar ɗakin kwanansa ne, ɗan aike da ke titi ba zai gani ba. Akwai masu cewa a yi rajistar abin da ake kira DDNS, wato suna da yake bin lambarka duk inda ta sauya. Wannan yana da amfani ga wanda lambarsa ta waje tasa ce shi kaɗai, amma ga na cikin haɗaka sunan ƙofar kamfani kawai zai nuna. Akwai kuma masu yawo da wasu kalmomi su ce a sa a gurbin APN na waya. APN ƙofa ce da kamfani ke buɗe wa sim ɗin da ya yi wa rajista a kanta, in ba a sa naka a ciki ba, ko data ma ba za ta hau ba. Kada kowa ya yi cinikin biri a sama.

Kafin mu je ga mafita, mu sauke wa mutane da yawa nauyi. Mafi yawanmu ba mu buƙatar wannan abu ko kaɗan. Hajiya mai sayar da atamfa da ke karɓar kuɗi ta MoMo, direban da ke aiko hoton takardar kaya, wakilin da ke shiga shafin ICUMS na kwastan da aka fara aiki da shi a 2020, duk su ne suke fita neman shafi, amsa tana dawo musu. Mai buƙata shi ne wanda ake son a shigo wajensa daga nesa, kamar kyamara ko kwamfutar da ke riƙe da littafi, ko wanda wata ma'aikata ta ce ba za ta buɗe masa ƙofa ba sai daga lamba ɗaya da ta sani. Ƙungiya ce ke da wannan buƙata, saboda haka ƙungiya ce za ta biya sau ɗaya kowa ya amfana.

Hanyoyi uku kwamiti ya duba.

Ta farko, a je wajen kamfanin waya kai tsaye. A Gana muna da MTN, da Telecel da ta gaji Vodafone, da AT da aka sani da AirtelTigo a da. Irin wannan lamba a ɓangaren 'yan kasuwa da ma'aikatu ake neman ta, ba a wajen mai lema da ke sayar da kati ba, kuma a al'ada tana tafiya da yarjejeniya da biyan wata-wata da takardun rajistar ƙungiya. Duk wanda zai je, tambayoyi huɗu zai riƙe: Lambar ta dindindin ce? Ta waje ce da za a iya isa gare ta daga kowane layi, ko ta cikin gidan kamfani ce kawai? An bar ƙofofin shigowa a buɗe? In an yi jinkirin biya, lambar tana jiranmu ko za a ba wani? A nemi amsa a rubuce. Kyawun wannan hanya shi ne akwai wanda za a kai wa kuka. Nauyinta kuma, lambar tana ɗaure da sim ɗaya na kamfani ɗaya.

Ta biyu, a bar kyamara ita ta fita da kanta. Yawancin kyamarorin yanzu suna zuwa da manhajar kamfanin da ya ƙera su, kamar Hik-Connect ta Hikvision. Kyamara takan kira kwamfutar kamfanin ta ce ga ni, wayarka ma ta kira can, sai a haɗa ku. Tunda dukkanku fita kuka yi, ba wanda aka tsayar a zaure. Wannan ba ya buƙatar adireshi na dindindin, kuma ga mamba mai kyamara ɗaya ko biyu a shagonsa ita muke ba da shawara. Sai dai ba ta warware maganar littafin ƙungiya, kuma amanar hotonka tana hannun wani kamfani na wata ƙasa.

Ta uku, ƙungiya ta yi hayar ƙaramar kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan gidajen ajiyar bayanai. Irin waɗannan kwamfutoci da lambarsu ta dindindin suke zuwa, kuma ƙananansu ana samu kusan dala 5 a wata. Sai rautar ofis ta buɗe rufaffiyar hanya zuwa can, wadda ake kira VPN, da manhaja irin WireGuard da ake samu kyauta. Reshen Yendi da na Salaga da na Bawku su ma kowa ya buɗe tasa zuwa wuri ɗaya. A can za a haɗu, sai ya zama kamar duk muna zaune a ofis ɗaya. Wannan kwamfutar haya ita ce maigidanmu, amma wanda mu muka ɗauka, wanda ya san ɗakin kowa.

Ita ce kwamiti ya zaɓa, kuma dalilin yana cikin irin zaman da muke yi a nan. Kulungugu ƙarshen babbar hanyar N2 ce da ta taso daga Tema ta ratsa Yendi. Taku kaɗan ka shiga Burkina Faso ka nufi Bittou, ta gabas kuma ga Togo da kasuwar Sinkase. Kowa a nan yana da sim biyu ko uku a aljihu: na Gana, da Orange ko Moov na Burkina, wani har da na Nijar saboda albasar Galmi. Yau wannan layi ne ke da ƙarfi a sito, gobe wancan. In adireshinmu yana ɗaure da sim ɗaya, ranar da layin ya yi rauni mun makance. In kuwa yana kan kwamfutar haya, sai a zare sim a sa wani, rauta ta sake kiran wuri ɗaya, adireshi yana nan yadda yake. Mamba yana Wagadugu ko Kumasi ko Yamai, da kowane layi, ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa.

Wakilan Salaga sun san tarihin garinsu. Da yaƙin basasa ya tashi a 1892 kasuwa ta watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi. Cinikin goro bai mutu ba, domin baƙo sunan maigidansa yake nema, duk garin da ya koma can ayari zai bi shi. Irin wannan adireshi muke so wa ƙungiya, wanda zai bi mu in layi ya sauya.

Ba za mu ɓoye muku nauyin wannan hanya ba. Da kuɗin waje ake biya, sai da katin banki, kuma in sidi ya faɗi kuɗin ya ƙaru. Tana buƙatar wanda ya iya ya kafa ta, kuma ba kowace ƙaramar rauta ce ke iya riƙe VPN ba, wataƙila sai an sayi wata. Sannan kun tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi kwanaki ana wahala. In kwamfutar hayar tana Turai, irin wannan rana ba za a same ta ba. Saboda haka littafin takarda ba zai bar ofis ba, kuma kowane ƙarshen mako za a kwafi lissafi a ajiye a wuri na biyu. Wasu matasa sun kawo maganar Starlink da hukumar NCA ta amince wa a 2024. Yana iya taimakawa wajen ƙarfin layi, amma tsarinsa na gida shi ma lambar haɗaka yake bayarwa, saboda haka maganar adireshi tana nan. Akwai kuma sabon tsari, IPv6, mai lambobin da ba sa ƙarewa, sai dai ba ya amfani sai ɓangarorin biyu duk suna da shi.

Sai maganar tsaro, kuma muna roƙon iyayenmu su saurara da kyau. Ƙofar da mai kaya zai shiga ya ga sitonsa, ɓarawo ma yana nemanta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa a duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani waɗanda masu su ba su sauya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ga kyamararmu ya san ranar da sito ya cika da ranar da maigadi ya yi barci. Wanda ya buɗe littafinmu ya san mai kuɗi da mai bashi. A lokacin da muke ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa muka fi son rufaffiyar hanya da buɗe kyamara ga duniya: kowane reshe da mabuɗinsa, in waya ta ɓata a soke nata kaɗai, sauran su ci gaba.

Akwai kuma tambayar sunan wa. Tun da aka fara haɗa sim da Ghana Card a 2021, kowane layi yana da mai shi a hukumance. Sim ɗin ofis da asusun kwamfutar haya bai kamata su zauna da sunan mutum ɗaya ba, ko magatakarda ne, ko shugaba, ko yaron da ya kafa. Mutum yakan yi tafiya, yakan yi fushi, yakan rasu. A yi su da sunan ƙungiya, a rubuta kalmomin sirri a rufe a ambulan, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji.

Na ƙarshe, data. Adireshi ba ya rage cin data. Hoton kyamara da ke tafiya da megabit 1 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 450 a awa ɗaya, wato ya haura gigabait 10 in an bar shi kwana da yini. In mutum goma suka buɗe suna kallo don nishaɗi, datar wata za ta ƙare cikin 'yan kwanaki, kuma da ta ƙare kyamara ta yanke ga kowa. Saboda haka na'urar sito za ta riƙa ɗaukar hoto tana ajiyewa a cikinta, a leƙa daga nesa in da dalili, da ƙaramin hoto. Za a kuma kulle rautar kan layin da aka zaɓa mata, don kada ta kama na ƙetaren boda da kanta kuɗin yawo ya hau kanmu. Batir da sola na rauta da kyamara su ma suna cikin lissafi, tunda in wuta ta ɗauke adireshi ba ya gadin komai.

Ga abin da kwamiti ke nema ku amince da shi. A yi gwajin wata 6 da hanya ta uku, a fara da ofishin Kulungugu da reshen Bawku, in ta zauna a haɗa Yendi da Salaga. A tura mutum biyu ofishin 'yan kasuwa na kamfanonin waya a Bolgatanga ko Tamale su karɓo farashin hanya ta farko a rubuce, don a kwatanta. A mayar da sim ɗin ofis sunan ƙungiya kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ma'aji ya riƙa kawo rasit na kowane wata a taro. In wata 6 ta cika ba a ga amfani ba, a dakatar, babu yarjejeniyar da ta ɗaure mu.

Duk mamban da ke son a duba masa rautar shagonsa, ko wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa da sunan adireshi na dindindin, ya zo ofis bayan sallar La'asar da rautar a hannu, za mu duba tare ba tare da ko kwabo ba.

Allah Ya tsare mana dukiya da rayuka, Ya zaunar da Bawku da kewayenta lafiya, Ya kai direbobinmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Shugaba, mun mayar maka da magana don a ɗaga hannu.